Ƙwan wata ko maniyyin wani: me doka ta ce ga mai neman haihuwa a Bauchi?

Bayan sallar Magariba wata 'yar ƙanwar mahaifina ta shigo gidanmu a Fadaman Mada da takardu cikin leda. Shekararta 11 da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ita da mijinta sun dawo daga wani asibitin kuɗi a Abuja, inda likita ya gaya musu cewa ƙwan haihuwarta ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma hanyar da ta fi kusa ita ce a samo ƙwan wata mace a haɗa da maniyyin mijin, a dasa a mahaifarta. Ta miƙo min takardun ta ce, "Yaya, kai ka san doka. Wai wannan abin gwamnati ta yarda da shi? Shi maigidan cewa ya yi in ya halatta, ai ga Amarya, sai a ɗebi nata, duk gida ɗaya ne."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Tambayar tata guda biyu ce a dunƙule, kuma amsoshinsu ba su bi hanya ɗaya ba.

Ta fuskar gwamnatin tarayya, har yau Najeriya ba ta da doka guda da aka tsara musamman don dashen ƙwai, wato abin da likitoci ke kira IVF, balle bayar da ƙwai ko maniyyi. An sha kai ƙudurori gaban Majalisar Tarayya, ciki har da wanda aka gabatar a Majalisar Dattawa a 2016, amma babu wanda ya kai ga zama doka. Jihar Legas ta fitar da nata ƙa'idojin a 2019, sai dai ikonsu bai tsallake iyakar Legas ba, bai kai Abuja ba balle Bauchi. Saboda haka likitan da ya haɗa ƙwan wata da maniyyin mijin wata, da yardar kowa, bai karya wata dokar tarayya da ta ambaci wannan aiki da sunansa ba.

Abin da ake da shi shi ne Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Sashe na 50 ya hana a yi wasa da ƙwayoyin halittar ɗan Adam don kwafo mutum, ya kuma hana shigo da ɗan tayin da aka haɗa daga waje ko fitar da shi, hukuncinsa ɗaurin shekara 5 aƙalla ba zaɓin tara. Sashe na 53 ya hana sayar da jini ko wani ɓangare na jiki: wanda ya bayar ba zai karɓi lada ba sai dai a mayar masa da abin da ya kashe, kuma wanda ya saɓa yana iya biyan tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko duka biyun. Mutane da dama sukan kafa hujja da wannan sashe su ce sayar da ƙwai laifi ne. Amma in ka juya ƙarshen dokar, inda aka fassara kalmomi, za ka tarar an cire ƙwai da maniyyi daga ma'anar ɓangaren jikin da ake magana a kai. Ta wannan ƙofa ce dillalan ƙwan mata ke shiga. Ƙa'idojin aikin likita na hukumar da ke ba likitoci lasisi, MDCN, sun san da bayar da ƙwai da maniyyi, sun kuma ce kada a mayar da shi kasuwanci. To amma waɗannan ƙa'idoji likita suke ɗaurewa, iyakar horonsu a taɓa lasisinsa. Ba su faɗi wane ne uban yaro ba, kuma ba su raba gado.

Akwai sassa biyu na dokar 2014 da nake ganin kowane mai zuwa asibiti ya kamata ya haddace. Sashe na 23 ya wajabta wa likita ya bayyana wa majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da haƙƙinsa na ƙi, kuma a harshen da yake fahimta in hakan zai yiwu. Takardun da 'yar'uwata ta kawo shafi 6 ne na Turanci, kalmar da ke nufin ƙwan wata tana can tsakiyar shafi na 4. Tana da haƙƙin a zauna a warware mata su da Hausa kafin ta sa hannu. Sashe na 26 kuma ya ce sirrin majinyaci amana ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko inda doka ta tilasta, ko wasu 'yan yanayi da sashen ya lissafa, kamar in ɓoye shi zai jefa lafiyar jama'a cikin haɗari.

Nan dokar tarayya ta tsaya. Daga nan sai abin da ya fi damun mutumin Bauchi.

Musulmin da ya yi aure a Bauchi, ya haihu a Bauchi, ya mutu a Bauchi, ba asibitin Abuja ne zai raba gadonsa ba. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi kan aure da saki da rainon yara da waliccin aure da wasiyya da gado a tsakanin Musulmi, kuma ƙananan kotunan shari'a na jihar, daga Bauchi zuwa Azare zuwa Misau, da fiƙihun Malikiyya suke aiki. Duk waɗannan abubuwa a kan nasaba suka dogara. Wane ne muharramin yarinya, wa zai ɗaura mata aure, wa za ta gada, wa ya haramta ta aura, amsarsu duka daga sanin ubanta da uwarta take fitowa.

Malaman Sunna sun yi magana a kan wannan tun abin yana sabo. An haifi jaririyar farko ta hanyar dashen ƙwai a Ingila a 1978. A 1980 Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jadul Haƙƙi, wanda daga baya ya zama Shehin Azhar, ya ba da fatawa cewa dashe halal ne in ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma igiyar aure na nan. Da zarar mutum na uku ya shigo, ko da ƙwai ko da maniyyi ko da ɗan tayi ko da mahaifa, ya haramta, saboda yana cakuɗa nasaba kamar yadda zina take yi. A 1986 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta duba hanyoyi 7, ta haramta 5, ta halatta 2, kuma biyun duk tsakanin miji da matarsa ne. Sharaɗin igiyar aure ma yana da nauyi: ɗan tayin da aka daskare a asibiti ba a dasa shi bayan miji ya mutu ko aure ya ƙare.

Sai maganar Amarya. Mijin 'yar'uwata ba shi ne ya fara wannan tunani ba, manyan malamai sun riga shi. A 1984 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta yarda a haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a dasa a mahaifar kishiyarta in akwai lalura. Shekara guda bayan nan, a 1985, majalisar ta janye fatawar. Dalilinsu mai sauƙi ne: kishiyar da aka dasa wa tana iya ɗaukar nata cikin daga mijin a daidai lokacin, a haifi tagwaye, ko ɗaya ya zube, a rasa sanin ɗan wa ya rayu. Uba dai ɗaya ne, amma uwa ta rikice. Kuma rikicewar uwa ba ƙaramin abu ba ne a gidan Bahaushe, inda shaƙiƙi da li'abi, wato ɗan'uwan da aka haɗa uba kaɗai, ba su da rabo ɗaya a gado, inda kowane ɗaki yake ƙirga 'ya'yansa. Malaman ma sun rabu a kan wace ce uwa in abin ya riga ya faru. Wasu sun riƙe ayar Suratul Mujadala da ta ce uwayensu su ne waɗanda suka haife su. Wasu sun ce mai ƙwan ce uwa, mai ɗaukar cikin tana matsayin uwar shayarwa. Ka kwatanta wannan saɓani ranar da ake zaune ana raba gonar marigayiya.

A Iran abin daban ne. Ayatullahi Khamenei ya ba da fatawa a 1999 da ta buɗe ƙofar karɓar ƙwai da maniyyi da sharuɗɗa, kuma a 2003 majalisar ƙasar ta yi dokar bayar da ɗan tayi ga ma'auratan da ba sa haihuwa. Wannan ra'ayi ne na wani sashe na malaman Shi'a, ba shi alƙalin Malikiyya zai buɗe ba.

In maniyyin wani ne aka yi amfani da shi, lamarin ya fi sarƙaƙiya, kuma a nan ne ake yawan ruɗin kai. A zahirin shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, kamar yadda hadisi ya zo a Bukhari da Muslim. Yaron da matar aure ta haifa ɗan mijinta ne, kuma ba mai kore shi sai mijin da kansa ta hanyar li'ani, wato ya yi rantsuwa gaban alƙali cewa ɗan ba nasa ba ne. A Malikiyya ma sai ya gaggauta. In ya ga ciki ya yi shiru, ya yanka ragon suna, ƙofar ta rufe. A 2002 Majalisar Makka ta ƙara da cewa ba a amfani da gwajin ƙwayoyin halitta don rushe nasabar da shari'a ta tabbatar, ko a maye gurbin li'ani da shi. Saboda haka mai son ɓoyewa yana iya cewa ai a kotu ba abin da zai faru. Wataƙila. Amma hukuncin alƙali a kan zahiri ba ya halatta abin da mutum ya san gaskiyarsa a cikinsa. Yaron zai ci gadon da ya rage rabon wasu, zai shiga ɗakin matan da ba muharramansa ba ne, kuma can wani gari yana da 'yan'uwan jini da bai sani ba. Wannan na ƙarshen ba tatsuniya ba ce. A Birtaniya an taƙaita cewa mai bayarwa ɗaya ba zai wuce iyalai 10 ba, kuma yaran da aka samu daga gudummawar da aka bayar tun Afrilun 2005 suna da haƙƙin sanin sunan mai bayarwar in sun cika 18. A Najeriya ba wata dokar tarayya da ta kafa rajista ko ta sa iyaka. Mutum ɗaya yana iya zagaya asibitoci 3 a gari guda ba wanda ya ƙirga.

Ga Kiristocin Tafawa Ɓalewa da Bogoro da Yelwa waɗanda suka yi auren rajista, Dokar Shaida ta 2011 a sashe na 165 tana ɗaukar duk yaron da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan mutuwar auren in uwar ba ta sake aure ba, a matsayin ɗan mijin, har sai an kawo hujjar da ta karya hakan. Sashe na 42(2) na Kundin Tsarin Mulki kuma ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Cocin Katolika tun 1987 ta ƙi dashen ƙwai gaba ɗaya, ko da na miji da mata ne. Sauran majami'u kowacce da nata matsayi.

Akwai wadda ba a cika tunawa da ita ba a wannan hira, ita ce mai bayar da ƙwan. Yawanci yarinya ce ƙarama mai buƙatar kuɗi, sau da yawa ɗaliba. Ba kamar ba da jini ba ne. Ana yi mata allurai kullum na kwana 10 zuwa 12 don ƙwayaye da yawa su nuna lokaci guda, sannan a sa mata maganin barci a zuƙo su da allura. Wani lokaci ma'ajiyar ƙwan takan kumbura, ruwa ya taru a ciki, har a kwantar da ita. A 2025 Jami'ar Ibadan sai da ta fitar da gargaɗi ga ɗalibanta mata kan mayar da wannan abu sana'a. In yarinya ta samu matsala bayan wata 2, ba wata doka ta musamman da ta ce asibitin ne zai ɗauki jinyarta, sai abin da aka rubuta a yarjejeniya, sai kuma ƙarar sakaci a kotu, wadda mai sayar da ƙwanta don kuɗin makaranta ba ta da halin shigarwa. Asibitin kirki yana gwada mai bayarwa cutar ƙanjamau da ciwon hanta da sikila, amma abin da ke tilasta shi mutuncinsa ne da ƙa'idar ƙungiyar likitocin haihuwa.

Ni ban ce wa 'yar'uwata ta haƙura da asibiti ba. Dashe da ƙwanta da maniyyin mijinta halal ne a fatawoyin da na ambata, kuma likita ɗaya ya ce ƙwai ya yi ƙaranci ba ya hana a nemi ra'ayin na biyu. Ga maza ma, tun 1992 ake da fasahar ɗaukar ƙwayar maniyyi guda a cusa cikin ƙwai, har a zaƙulo ta daga maraina in ba ta fita, ta yadda namijin da a da aka yanke wa ƙauna yana iya samun ɗansa na cikinsa. Abin da na ce mata shi ne ta koma ta sa a fassara mata shafi na 4, a soke layin da ya ba asibiti izinin amfani da ƙwan wata, a rubuta abin da za a yi da ragowar 'yan tayin da aka daskare in aure ya mutu ko ɗayansu ya rasu, ita da mijin su sa hannu, ta karɓi kwafi ta ajiye a gida.

Ta naɗe takardun ta mayar cikin leda. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Yaya, maganar Amarya fa, kai za ka gaya masa, ni in na faɗa cewa zai yi kishi ne."