Ƙarar sarƙar tayimin a injin tsofaffin motoci

Sarƙar tayimin, wadda makanikai ke kira tayimin cen, ita ce ke haɗa kirankishaf (sandar da fistan ke juyawa) da kamshaf (sandar da ke buɗe bawuloli) domin bawuloli su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistan. Faifan haƙoran da ke kan kamshaf ya ninka na kirankishaf yawan haƙora, saboda haka sai kirankishaf ya juya sau 2 kafin kamshaf ya juya sau 1. Idan sarƙar ta saki, takan riƙa kaɗa murfinta, a ji ƙara daga gaban inji kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani.

Tarihi

Irin sarƙar da aka fi amfani da ita ta samo asali daga wadda Hans Renold ya ƙirƙiro a Mancesta ta Ingila a 1880. Injinan farko da dama giya ce ke juya musu kamshaf, amma da tafiya ta yi nisa sarƙa ta mamaye. Injin Jaguar XK na 1948 sarƙa biyu gare shi, ta sama da ta ƙasa, kowace mai layi biyu, kuma da hannu ake ɗaure ta saman. A wasu ƙananan injinan A-series na kamfanin motoci na BMC na Birtaniya zoben roba 2 kawai aka sa a jikin faifan kamshaf don rage ƙara. Da robar ta bushe sai ƙarar ta dawo.

A Amurka, daga wajajen shekarun 1960 zuwa na 1970, injinan V8 (masu silinda takwas) da yawa sun zo da faifan kamshaf na alminiyam mai haƙoran nailan. Shiru gare shi yana sabo, amma zafi da shekaru kan sa nailan ya farfashe, gutsattsarin su faɗa kaskon baƙin mai su toshe rariyar famfo. Motar Triumph Stag ta 1970 ta yi suna da doguwar sarƙa mai layi ɗaya da ke saurin saki. A injin Toyota 22R na tsakiyar shekarun 1980 kuwa, madogarin sarƙa na roba, wanda sarƙar ke gogawa a kansa don kada ta kaɗa, kan karye, sarƙar ta yi ta cin murfi har ta huda hanyar ruwa, ruwa ya gauraya da mai. Bel mai haƙora, wanda ke yin aikin sarƙar, ya fara shiga motocin da ake ƙerawa don sayarwa ne a farkon shekarun 1960.

Dalilan ƙarar

Ana cewa sarƙa ta miƙe, amma ƙarfen ba ya miƙewa. Ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa, ɗan sakin kowace gaɓa ya taru ya zama tsawo. Baƙin mai da ya daɗe ba a canja ba shi ne babban mai jawo wannan. Tenshina, wato abin da ke tura sarƙar ta ɗame, mai aiki da ƙarfin mai kuma kan kasa ɗame sarƙar idan ƙaramar kafarta ta toshe.

Gano matsalar

Ƙarar da ke zuwa daƙiƙa 2 ko 3 bayan tayar da inji mai sanyi, sannan ta ɗauke, galibi tenshina ce ba ta cika da mai ba. Wadda ta zauna a silo (inji na aiki ba a taka totur ba) bayan inji ya yi zafi tana nuna sarƙa ko madogari. Ana ɗora bakin dogon sukudireba a kan murfin, a kara kunne a ƙotarsa. Cire fanbel na ɗan lokaci yana ware ƙarar famfon ruwa da altaneta. Ƙarar tafet, wato ƙarfen da ke danna bawul, daga sama take fitowa, ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin da ba ya buƙatar kwance inji shi ne na distiributa, wadda ke raba wuta ga fulogi. A cire murfinta, a juya kirankishaf da sifana ta yadda ya saba juyawa har alamar fuli ta zo kan sifiri, sannan a mayar da shi baya sannu a hankali ana kallon rota, wato abin da ke juyawa a cikin distiributar. Inda rota ta fara motsi a tsaya a karanta alamar. Abin da ya haura digiri 8 zuwa 10 ana ɗaukarsa sarƙa ta gaji, ko da yake masana sun sha bamban kan iyakar, kuma sakin giyar distiributa kan shiga cikin lissafin.

Gyara

Ana zubar da ruwa, a cire lagireto, fanka da fuli. Fuli da fula (ƙarfen janye fuli) ake zaro shi, guduma kan lalata shi. Kafin a taɓa sarƙa sai an kawo fistan na 1 ƙololuwa, alamomin faifan biyu sun daidaita yadda littafin injin ya nuna. Sarƙa da faifanta biyu tare ake canja su, haɗe da tenshina da madogarai, domin tsohon haƙori mai lanƙwasa kan cinye sabuwar sarƙa da wuri. A ɗora rula a fuskar faifan biyu a tabbatar suna layi ɗaya. Idan an tarar da haƙoran nailan sun ɓalle, dole a sauke kaskon mai a wanke rariya; tsallake wannan ya kashe injina da yawa bayan gyara.

Bayan an ɗaura, a juya inji da hannu zagaye 2 a sake duba alamomin. Kuskuren haƙori ɗaya kan rage ƙarfin inji, a wasu injinan kuma 'yan haƙora kaɗan sun isa fistan ya doki bawul. A sa sabon sil da gaskit, a zura fuli kafin a ɗaure kusoshin murfi don sil ɗin ya zauna a tsakiya, sannan a zuba sabon mai a sake saita wuta da fitilar tayimin.