Mutuwar jarirai: tambayoyin da bakina ya gaji da amsawa

Shekara da shekaru ina aikin jinyar jarirai, tambayoyin kuma ba sa canzawa. Na tara su nan, duk wanda ya sake yi mini ɗaya in ce ya je ya karanta.

Wai gaskiya ne yanzu jarirai sun fi mutuwa a kan zamanin kakanni?

A'a. Kakarki ba ta ba ki labarin waɗanda ta binne ba ne. Masu binciken tarihi sun kiyasta cewa a da, kusan ɗaya cikin jarirai huɗu ba ya cika shekara. A Ingila, wajen 1900, jarirai kusan 150 cikin kowane 1,000 ke mutuwa kafin su shekara. Yau wajen 4 ne. A duniya baki ɗaya, wajen 64 ne a 1990, ya sauko wajen 28 a 2022.

Me ake nufi da "cikin 1,000" ɗin nan?

A cikin jarirai dubu da aka haifa da rai, nawa ne ba su cika shekara ba. Shi ke nan.

Ai komai ƙaddara ne, ko?

Babu mai gardama da ajali. Amma wanda ya yi mini wannan tambayar, in haƙorinsa ya hana shi barci, ba ya jiran gari ya waye. Neman magani bai taɓa zama jayayya da ƙaddara ba.

To me ya rage mutuwar? Manyan injina?

Mafi yawa abubuwa ne masu araha: ruwa mai tsabta, wanke hannu kafin karɓar haihuwa, rigakafi, gidan sauro, da ilimin uwa. A 1971 kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijirar Bangladesh a Indiya, ruwan ƙarin jijiya ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa ba mutane ruwan gishiri da sukari ta baki, mace-mace suka faɗi daga kusan 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Wannan haɗin ne kike gani a 'yar leda kina raina shi. Tetanus, wanda ke sanƙarar da jariri ya kasa buɗe baki ya kama nono, ya kashe jarirai wajen 787,000 a 1988. Zuwa 2018 ya koma wajen 25,000. Allurar mai ciki da yanke cibiya da abu mai tsabta suka yi wannan aikin. Don haka kada a shafa wa cibiya komai sai abin da ma'aikacin lafiya ya bayar.

In ba shi ruwa? Ana zafi.

A'a. Nono zalla har wata shida, akwai ruwa a cikinsa. Dakashi kuma ba ƙazanta ba ne, a ba shi tun sa'ar farko.

Kun ce a rungume jariri a ƙirji, kun kuma ce a kwantar da shi rigingine shi kaɗai. Wanne za mu ɗauka?

Wannan ce kaɗai tambayar da ba na jin haushinta, don da gaske akwai sarƙaƙiya. Duk biyun gaskiya ne, sai dai kowanne da cutar da yake karewa.

Rungumar ƙirji, wadda ake kira renon kangaru, a birnin Bogota na Kolambiya aka fara ta a 1978, saboda kwalaben ɗumama bakwaini sun yi kaɗan. Ana ɗora jaririn tsakanin nonuwan uwa, fata da fata, a tsaye, kansa a juye gefe, a ɗaure shi da zane. Sanyi na kashe bakwaini da sauri, kuma jikin uwa ya fi kowane bargo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara wa bakwaini da wanda bai kai kilo 2.5 ba tun daga haihuwa, awa 8 zuwa 24 a rana.

Kwanciyar rigingine kuma saboda mutuwar fuju'a ce a cikin barci, inda za a kwantar da jariri lafiya ƙalau a tashi a tarar ba rai. Amurka ta fara gangamin a kwantar da jarirai ta baya a 1994, irin wannan mutuwa ta ragu da wajen rabi. Shimfiɗa mai ƙarfi, babu filo, babu lallausan bargo kusa da fuska.

Inda gizo ke saƙar shi ne barcinki ke. Muddin idonki biyu, ƙirji ya yi, kina ganin hancinsa, kina jin numfashinsa. In kin ji gyangyaɗi ya fara fizgarki, mafi aminci ki sauke shi rigingine a shimfiɗarsa kusa da ke, ko babansa ya karɓe shi a nasa ƙirjin. A asibiti ana koya wa uwar bakwaini yin barci a kishingiɗe da shi a ɗaure, amma da koyarwa ne da sa ido, ba abin da zan ce ki gwada daga karanta wannan ba. Ki tambayi wadda ta sallame ku, ta nuna miki ɗaurin da hannunta.

Batun kwana gado ɗaya kuwa, likitocin ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ɗaki ɗaya, gado daban. A Birtaniya sun fi karkata ga cewa tunda iyaye za su yi ko an hana, gara a koya musu rage haɗarin. Amma duka sun haɗu a kan wasu abubuwa: kada a yi barci da jariri a kan kujerar falo, kada a haɗa gado in ɗayanku na shan taba, ko ya sha giya ko magani mai sa barci, ko in jaririn bakwaini ne. Kin ga wanda ya fi bukatar ƙirji shi ne kuma ya fi shiga haɗari in an danne shi. Ni dai ra'ayina, in ɗakin da sanyi kuma jaririn ƙanƙane ne, sanyin na fi tsoro, sai a yi karɓa-karɓa tsakanin manya biyu. In cikakken wata tara ne mai ƙiba, rigingine. Kuma in kin farka kin ga barci ya sace ki da shi a jikinki, kada ki zauna kina kuka, kowace uwa ta taɓa yi. Ki gyara gobe.

Tunda an ci gaba haka, saura me?

Watan farko. A 2022 jarirai miliyan 2.3 suka mutu cikin kwana 28 na farko, kusan rabin duk yaran da suka mutu kafin shekara biyar. Kashi uku cikin huɗu a makon farko suke tafiya. Manyan dalilan su ne haihuwa kafin lokaci, rashin numfashi wajen haihuwa, da shigar ƙwayoyin cuta. Nauyin ya fi yawa a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya, alhali a Japan da Finland wajen jarirai 2 ne cikin 1,000 ba sa cika shekara. Shi ya sa nake nacin a haihu a hannun wadda ta san yadda ake farfaɗo da jaririn da ya fito bai yi kuka ba.

Jikinsa da ɗan ɗumi, ya ƙi nono tun rana. Mu jira safiya?

Malam, kana tsaye kana tambayata? Jaririn da bai yi wata biyu ba, in ya ƙi nono, ko zafinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, ko jikinsa ya yi sanyi, ko yana jijjiga, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko tafin hannu da ƙafa sun yi ɗorawa, asibiti yanzu. Ɗaga rigarsa, dubi agogo, ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur. In ya kai 60, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ku kama hanya, uwar ta rungume shi a ƙirji tana gwada ba shi nono har ku isa.