Bakho: motar haƙa mai bokiti gaba da baya

Bakho tarakta ce da aka ɗora wa faffaɗan bokiti a gaba na kwasar ƙasa da tura ta, sannan a baya aka maƙala mata dogon hannu mai gwiwa da ƙaramin bokiti mai haƙora, shi ne yake haƙa. Sunan daga turanci ya zo, kusan a ce "fartanyar baya", kuma ba wai don hannun yana bayan motar ba ne kamar yadda mutane da yawa suke zato, a'a, saboda bokitin jawo ƙasa yake yi zuwa wajen motar, irin yadda mai noma yake jawo fartanya zuwa ƙafarsa. Jama'a dai duk wata motar aiki mai ruwan ɗorawa katafila suke ce mata, amma akwai bambanci. Mai ture ƙasa daban, eskabeta mai tafiya kan sarƙa tana juyawa gaba ɗaya ita ma daban, ita kuwa bakho taya gare ta, tana hawa titi da ƙafarta, hannunta kuma rabin da'ira kawai yake juyawa, wajen digiri 180 zuwa 200.

Asalinta

A 1947 kamfanin Wain-Roy na jihar Massachusetts a Amurka ya fito da hannun haƙa mai aiki da man haidirolik wanda ake ɗaura wa tarakta. A Ingila kuma Joseph Cyril Bamford, wanda ya kafa kamfanin JCB a 1945, ya haɗa tasa a 1953. Kamfanin Case ya fitar da samfurin 320 a 1957, wadda aka ƙera ta a dunƙule tun daga masana'anta, ba haɗe-haɗe ba. Caterpillar sai 1985 ta shigo wannan kasuwa. A Birtaniya da Indiya sunan JCB ya riga ya cinye sunan motar, ko wane kamfani ya yi ta JCB ake ce mata.

Yadda take aiki

Duk ƙarfin yana cikin mai ne. Injin dizal yana juya famfo, famfo yana danna man haidirolik cikin tiyo da matsin da yake kaiwa 200 zuwa 250 a ma'aunin matsi da ake kira bar, man ya tura sandunan silinda, su kuma su motsa hannun. Hannun gaɓa uku ne, babban damtse da yake manne da motar, sai sandar tsakiya, sai bokiti. Akwai ƙafafu biyu a baya da ake saukewa su tokare ƙasa kafin a fara haƙa, kujerar direba kuma juyawa take yi ta fuskanci baya.

Cikakkiyar bakho nauyinta yakan kai tan 7 zuwa 8, tana haƙa zurfin mita 4 da ɗoriya, masu hannu mai zugewa su wuce mita 5. Akwai kuma ƙaramin hannu da ake saya a ɗaura wa taraktar gona, wannan mita 2 zuwa 3 yake kaiwa. A nan ne mutane suke cin karo da matsala, domin idan aka rataya shi a maƙalar nan mai baki uku da ake sa garma, duk fizgar haƙa a jikin taraktar take ƙarewa, har akwatin giyar taraktar ya iya tsagewa. Wanda yake da firam na ƙarfe da ya bi ta ƙarƙashin taraktar ya fi tsada amma gaskiya shi ne na ƙwarai.

Aikinta a gona da ƙauye

Ramin bututun ruwa, magudana, sa kwalbati a hanyar shiga gona, fandishon ɗaki ko rumbu, ramin sokawe, ƙaramin tafkin shayar da dabbobi, tumɓuke kututture, ɗauke dutse daga tsakiyar fili, sannan a juya kujera a kwashi tsakuwa ko taki da bokitin gaba. Ba ta fi kowa a komai ba, eskabeta ta fi ta saurin haƙa, mai ture ƙasa ta fi ta baje fili, amma ga mutumin da ayyukansa ƙanana ne kuma a warwatse, mota ɗaya da za ta taɓa kowanne ta fi masa.

Kafin haƙora su taɓa ƙasa ana fara sanin abin da yake binne a wajen, bututu ko wayar lantarki, sannan a ɗaga kai a duba wayoyin sama. Daga nan a ja birkin hannu, a kifa bokitin gaba a ƙasa, a sauke ƙafafun baya har nauyi ya bar tayoyin baya motar ta daidaita. In ƙasar tana da laushi sai a sa katako mai kauri a ƙarƙashin ƙafafun. Sabon hannu kullum kuskurensa ɗaya ne, ya cusa bokiti can ƙasa ya ce sai ya ciko shi a jan farko, sai ka ga motar tana ja da baya tana kuka. Gwanaye yanka suke yi kaɗan-kaɗan, sandar tsakiya tana jawowa bokiti yana naɗewa a lokaci guda, kuma ba sa take totur har ƙarshe sai in aikin ya buƙata. Wani abin lura, jeren sandunan sarrafawa iri biyu ne, ISO da SAE, wanda ya saba da ɗaya in ya hau ɗayar hannunsa zai rikice, don haka a gwada a fili tukuna.

Kututture ba a kama shi a fizga. Zagaye shi ake yi da haƙa, a tsinke saiwoyin gefe ɗaya bayan ɗaya, sai a tura shi a ga ko ya fara girgiza. Kuma kar a riƙa bugun abu da gefen bokiti ta hanyar wurga hannun, wannan shi ne yake cinye fil da bushin na wajen juyawa, gyaransu kuwa ba wasa ba. A gangare ana zuba ƙasa ta ɓangaren tudu, domin cikakken bokiti da aka miƙa ta gangare yana iya kifar da motar. Lokacin tafiya bokitin gaba yana kusa da ƙasa, hannun baya a kulle, direba da bel, ba a ɗaukar kowa a bokiti ko da yaro ne yana roƙo.

Ramin kansa ya fi motar haɗari. Ƙasa mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ta wuce tan ɗaya nauyi, in gefen rami ya zabtaro wa mutum ko iya ƙirji ne numfashi yana gagararsa. Ƙa'idar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki ta Amurka, ita ce ramin da ya kai ƙafa 5, wato mita ɗaya da rabi, sai an kwantar da gefensa ko an tokare shi kafin wani ya shiga, ƙasar da aka fitar kuma a ajiye ta aƙalla ƙafa 2 daga baki.

Kula da ita

Bakho ta gona ba aiki ne yake kashe ta ba, zama ne da datti. Ta kamfanin gine-gine kullum tana motsi, ta gona kuwa sai ta yi sati biyu tana aiki ta yi wata biyar a ajiye, a nan ne ruwa yake taruwa a tankin dizal, batir ya mutu, ɓeraye su ci wayoyi, sandunan silinda da aka bari a waje su yi tsatsa, ranar da aka tayar da ita tsatsar ta yaga roba mai ya fara zuba. Shi ya sa in za a ajiye ta ake sauke bokitai ƙasa, a kashe inji a motsa sandunan sarrafawa don matsi ya fita, a shafa giris a duk sandar da ta rage a waje, a cika tanki, a cire kan batir.

Giris shi ne uwa uba. Duk awa 10 na aiki, ko a ce kullum, ana bin kowace gaɓa ana dannawa har sabo ya turo tsoho waje, musamman fil na bokiti da yake cikin ƙasa da ruwa. Baƙin mai da filtarsa yawanci tsakanin awa 250 zuwa 500, man haidirolik awa 1000 zuwa 2000, ya danganta da abin da littafin motar ya faɗa, kuma in awannin ba su cika ba a shekara baƙin mai dai a canza shi. Da safe a duba mai da ruwan lagireto, a tsiyaye ruwan da ya kwanta a filtar dizal, a kakkaɓe ƙaiƙayi da ciyawa daga lagireto. Man haidirolik da ya koma fari kamar madara ruwa ya shiga, famfo mai ƙugi kuma ko iska yake ja ko mai ya yi ƙasa. Kafin a buɗe murfin tanki ko a kwance tiyo a goge wajen tas, don ƙurar da ido ba ya gani ma tana cin famfo.

Tiyo in yana yoyo ba a laluben wajen da hannu, sam. Man da yake fita ta ɗan ƙaramin huji yana iya huda fata ya shige tsoka, raunin ya yi kamar cizon sauro amma sai an yi tiyata cikin gaggawa, in aka yi jinkiri a rasa yatsa. Da kwali ake nema. Haka nan ba a shiga ƙarƙashin bokitin da aka ɗaga sai an sa ƙarfen tokare silinda.

Mai sayen ta hannu ya je da bakanike, a tayar da injin yana sanyi a ga kalar hayaƙi, a duba damtse ko akwai tsagewa ko tsohon walda da aka rufe da sabon fenti, a girgiza bokiti a ji yawan wasan da fil yake yi. Sannan a miƙa hannun a sama a kashe inji a tsaya a kalla, in yana saukowa da kansa da sauri to robobin silinda ko bawul sun gaji, sai a cire kuɗin gyaransu daga ciniki.