Injin lez na farko da kayan shago ga mai koyon ƙera ƙananan injuna

Injin lez shi ne injin da ke kama ƙarfe ya juya shi, wuƙa kuma tana tsaye tana feƙe shi har ya fito daidai awon da ake so. Da shi ake fidda shaf, fistin, bushin da zaren noti. Henry Maudslay na Ingila ne ya gyara irin mai yanka zare wajen shekarar 1800. Masu ƙera ƙananan injuna don sha'awa, irin ɗan injin tururi ko ɗan jirgin ƙasa da ke tafiya da gaske, wanga inji shi ne farkon abin da suke saye, kuma sha'awar ta daɗe, mujallar Model Engineer tun 1898 anka fara buga ta.

Girman lez da abu biyu ake gane shi, faɗin ƙarfen da zai iya juyawa bisa gadon injin da kuma tsawon da zai shiga tsakanin kai, wato ɓangaren da ke juya ƙarfen, da wutsiya, wadda ke tallafe ɗaya bakin. In ka ga an rubuta 7x14 to inci 7 ne faɗi, inci 14 tsawo, su ne ƙananan na Chaina irin na kamfanin Sieg, suna da sauƙin kuɗi amma sai ka zauna ka ɗaure nan ka saita can kafin su yi yanka mai kyau. Myford ML7 da anka fara fiddawa a 1946 a Nottingham shi Turawan Ingila sunka fi yabo, ya cancanta kuma, sai dai duk wanda za ka samu yau tsoho ne, to ka duba gadon kusa da kai don nan ya fi cinyewa, ka girgiza cak ɗin, wato abin da ke kama ƙarfen, ka ji ko boris na wasa, ka ƙirga giyoyin yanka zare ko sun cika. Sherline na Amurka da Unimat na Ostiriya ƙanana ne sosai, sun fi dacewa da aikin agogo. A ganina mai koyo ya ɗauki wanda ya ɗan fi buƙatarshi girma, don babba na yin ƙaramin aiki, ƙarami kuwa ba ya yin babba.

Maganar wuta, lantarkinmu bolt 230 ne, injin Amurka mai 110 sai da tiransifoma, manyan na masana'anta kuma galibi layi uku suke so, gidaje ba su da shi. Sannan ƙurar hunturu ta Sakkwato in ta haɗu da man gado sai ta riƙa cin ƙarfe a hankali, dole a shafe a sa sabon mai a rufe da tampol bayan aiki.

Kada kuɗi su ƙare ga injin kaɗai. Ana buƙatar cak mai haƙori huɗu ban da mai uku, kalifa da maikiromita na awo, giranda ta wasa wuƙa, bais, magagari, zarton ƙarfe, injin huda na tebur da benci mai nauyi wanda bai rawa. Wuƙar HSS, wato ta ƙarfe mai jure zafin yanka, ta fi ta kabayid, mai tauri sosai, ga ƙaramin inji don kai za ka wasa abinka. A fara da alminiyam ko tagulla, sun fi laushi.

Babbar riga, rawani mai lilo da safar hannu ba su zuwa kusa da lez yana juyi, a sa tabarau, kuma kada a taɓa barin makulli cikin cak.