Waiwaye: musun implisit da eksplisit ba yau ya fara ba

Tun da GPU, na'urar kwamfuta mai yin lissafi da yawa a lokaci guda, ta yawaita a hannun masu simuleshin (kwaikwayon abu da lissafi a kwamfuta) musun nan ya sake tashi, wasu na cewa a koma eksplisit (hanyar da ke lissafa takun lokaci na gaba kai tsaye daga abin da aka riga aka sani) kawai tunda na'ura ta yi gudu, wasu sun kafe a kan implisit (hanyar da sai an warware tarin lissafi a kowane taku kafin a sami amsar gaba) in dai lissafin ya haɗa abin da iska ko ruwa ke kwasa da kuma yaɗuwarsa, irin su zafi da hayaƙi. Ana ta magana kamar jiya matsalar ta ɓullo.

Farkon labarin kam sananne ne. A 1928 Courant, Friedrichs da Lewy suka nuna iyakar tsawon takun lokaci a hanyar eksplisit, kuma a wajen yaɗuwa abin ya fi tsanani, ka ƙanƙanta ramukan ragar da ake raba wurin lissafi da ita sau 10 sai ka rage taku sau 100. Crank da Nicolson suka kawo tasu hanyar ta implisit a 1947, Dahlquist kuma a 1963 ya tabbatar cewa hanyoyin da ke haɗa taku da yawa a lissafi ɗaya, in ana so su sami cikakkiyar tsayuwa (kada lambobinsu su kumbura su fashe komai tsawon taku), dole su zama implisit, kuma daidaitonsu ba ya wuce mataki na 2.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne aikin Byron Ehle na 1969 a Jami'ar Waterloo ta Kanada. Shi ya fito da bambanci tsakanin lissafin da bai fashe ba da lissafin da ke kashe kuskure. Crank-Nicolson ba ta fashewa komai tsawon taku, wannan gaskiya ne, amma sassan lissafin masu tauri sosai, wato masu saurin canzawa, duk taku ana ninka su ne da lamba kusa da -1, wato kuskuren ba ya mutuwa, sai dai ya yi ta juyawa sama da ƙasa, shi ya sa mutum zai sa taku babba ya ga zanensa na rawa a inda zafi ya canja farat ɗaya, ya ɗauka kod ɗinsa ne ke da matsala alhali halin hanyar ne. Euler ta baya, wata hanyar implisit ce ita ma, lambarta sifiri take nufa, tana kashe su nan take, sai dai tana shafe har da abin da kake son gani. A ganina nan ne tushen rigimar, an daɗe ana koya wa ɗalibai cewa in lissafi bai fashe ba to shi ke nan.

Rannacher a 1984 ya nuna a fara da 'yan takun Euler ta baya kafin a hau Crank-Nicolson. Ascher, Ruuth da Wetton kuma a 1995 suka yi nazarin raba aikin, kwasa a eksplisit, yaɗuwa a implisit. Wasu manhajojin hasashen yanayi na yanzu ma rabawar suke yi, eksplisit a kwance, implisit a tsaye inda ramukan raga suka fi matsewa.