Jita-jitar WhatsApp da sayen hannun jari: ina doka ta tsaya?

Kwanan nan a wani guruf da nake ciki wani ya turo saƙon murya wai ɗan'uwansa yana aiki a wani banki, za su sanar da riba mai tsoka sati mai zuwa, kowa ya yi maza ya saya. Kafin la'asar mutum uku sun kira dillalansu. Abin ya dame ni gaskiya, shi ya sa na ce bari in ɗan yi bayani.

Labarin da ya riga ya fita fili, kamar rahoton kuɗi da kamfani ya miƙa wa NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, ko sanarwar CBN kan kuɗin ruwa, wannan naka ne, karanta ka yi lissafinka ka saya ko ka sayar, ba ruwan kowa.

Inda matsalar take shi ne labarin cikin gida, wanda darakta ko akanta ko lauyan kamfani ya sani saboda kujerarsa, jama'a ba su ji ba, kuma in ya fita zai motsa farashi. Dokar zuba jari da hannun jari, wato ISA ta 2025, wadda Tinubu ya sa wa hannu a watan Maris ta maye gurbin ta 2007, ta hana ciniki da shi, kuma fa ba mai kujerar kaɗai ba, har kai da aka raɗa wa a kunne in dai ka san daga ina ya fito. Tun a tsohuwar dokar ma hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 7 ko tarar ninki biyu na ribar da ka ci. NGX kuma tana rufe wa daraktoci ƙofar ciniki kafin a fitar da sakamako, sai awa 24 bayan sanarwa a buɗe musu.

To in labarin ƙarya ne fa? Wanda ya ƙirƙira ko ya yaɗa don farashi ya tashi ya sauke nasa a kanku, SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, za ta iya binsa da laifin murɗe kasuwa. Kai da ka saya kawai ba ka yi laifi ba, amma kuɗinka ne zai tafi, don hannun jari yana iya faɗuwa kashi 10 a rana ɗaya, gobe ya ƙara wani 10, kana son sayarwa babu mai saye.

Shi kuma mai saƙon muryar, na kira shi na ce ya daina tura irin wannan, don in gaskiya ya faɗa ɗan'uwan nasa ya fara jefawa cikin rigima.