Nucor, kamfanin da ke narkar da tsofaffin ƙarafa a Amurka

Nucor kamfanin ƙarfe ne da hedikwatarsa ke Charlotte a jihar North Carolina. A yau shi ne kan gaba wajen samar da ƙarfe a Amurka, kuma duk Arewacin Amurka babu wanda ya kai shi sake sarrafa tsofaffin ƙarafa.

Asalinsa ma ba ƙarfe ba ne, daga kamfanin motoci na REO ya samo tushe. A 1955 ya koma Nuclear Corporation of America, ya yi ta taɓa wannan ya taɓa wancan har ya kusa karyewa, sai a 1965 aka damƙa ragamarsa a hannun Ken Iverson. Lokacin reshe ɗaya ne ke kawo riba, wato Vulcraft mai ƙera ƙarafan rufin gini, shi kuma sai ya sayo ƙarfe da tsada, shi ya sa Iverson ya ce gara su narka nasu da kansu. A 1969 suka buɗe ƙaramar masana'anta a Darlington ta South Carolina, a 1972 sunan ya koma Nucor.

To a nan fa bambancin yake. Manyan kamfanoni tama suke haƙowa su narka da kwal, shi kuwa Nucor irin kayan 'yan gwangwan yake saye, matattun motoci, tsofaffin firji, guntayen rodi, a juye su cikin tanderun lantarki, a sauko da wasu manyan sanduna masu ɗauke da wuta, kafin ka ce kwabo tarkacen ya zama ruwa jawur. Hayaƙin wannan hanya bai ko kama ƙafar na kwal ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a sana'ar da ke cikin masu gurɓata iska sosai a duniya. Da farko an raina su, wai iyakarsu rodi, amma a 1989 masana'antarsu ta Crawfordsville a Indiana ta fara fitar da falle-fallen ƙarfe. A 2008 suka saye David J. Joseph, babban dillalin tsofaffin ƙarafa.

A 2021 suka fito da Econiq, ƙarfen da suka ce an soke hayaƙinsa gaba ɗaya a lissafi, kamfanin motoci na General Motors ne ya fara saye, sannan suka yi alƙawarin kai hayaƙinsu sifili a lissafi nan da 2050. Sai dai gaskiya da sauran aiki, don wani kaso na wutar da suke sha har yanzu daga kwal da gas yake, kuma tsohon ƙarfe yakan zo da jan ƙarfe a jikinsa mai ɓata inganci, dole su haɗa da sabo da suke sarrafawa da gas a Louisiana da Trinidad.